Kafin Ku Buɗe Littafin Jometri, Ku Nemi Manhaja

Wannan makon za mu taɓo wani ɓangare na lissafi da yawancinmu kan ji gabansu ya faɗi idan aka ambace shi, wato jometri, ilimin siffofi da kusurwoyi da awo. Ƙa'idojinsa suna nan cikin littattafanku, don haka ba za mu jero muku su ba. So muke mu duba yadda ake tsara karatunsa tun daga farkon shekara, don kada mutum ya zauna a ɗakin jarrabawa ya yi arba da abin da bai taɓa gani ba.

Bari mu fara da abin da ya same mu, tunda mu ma ba mu daɗe da cire kayan makaranta ba.

Muna SS2, a tsakiyar zango na biyu, aka yi wa malaminmu na lissafi canjin wurin aiki. Muka yi makonni muna zaman jira, wasu na hira, wasu na barci a kan benci, mu kuwa har murna muke wai mun huta da lissafi. Da sabon malami ya zo sai ya ɗora daga aikin zango na uku, domin shi ne ke gabansa a rubuce. Babu wanda ya gaya masa cewa ba a yi mana ƙa'idojin da'ira ba, saboda mu kanmu ba mu san akwai su ba. Sai da muka kai SS3 aka yi jarrabawar gwaji, muka buɗe takarda muka ga da'ira da layuka sun ratsa ta ko ta ina, an ce a nemo kusurwa kaza. Aji ya yi tsit, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Daga baya muka yi ta fafutuka, wasu suka shiga lesin, wasu muka haɗa ƙungiyar karatu, Allah Ya sa muka tsallake. Amma akwai abokinmu da ya ci duk darussansa in ban da lissafi. Shekara guda ya yi a gida yana taya mahaifinsa tsaron shago, sai da aka sake haɗa masa kuɗin jarrabawa da ƙyar. Kun san dai a wancan lokacin ba a cika samun gurbin jami'a ba sai da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, duk abin da aka tambaye mu yana nan a rubuce cikin manhajar jarrabawa, takardar da ba ta fi ƙarfin kowa ba. Ba mu taɓa neman ta ba, shi ke nan.

Yadda ake yi a Amurka

A zangon da ya wuce, a wani darasi na tsara manhaja da muke ɗauka a jami'a, aka ba mu aikin duba yadda malamai a Amurka ke shirya karatun jometri. Mun ga abubuwan da muka ce lallai sai mun kawo muku.

Na farko, a yawancin makarantun sakandaren Amurka jometri darasi ne mai zaman kansa, ana yin sa shekara guda cur. Ɗalibi kan fara da aljebra, ya yi jometri a aji na 9 ko na 10, wato daidai da JSS3 ko SS1 a wurinmu, sannan ya koma aljebra kashi na biyu. Akwai makarantun da ke gauraya su kamar yadda muke yi, amma tsarin rabawar ya fi yawa.

Na biyu, gwamnatin tarayyar Amurka ba ta rubuta wa makarantu manhaja. Kowace jiha cikin jihohi 50 ita ke fitar da nata mizanan karatu, wato jerin abubuwan da ake so ɗalibi ya iya kafin ya bar kowane aji. A shekarar 2010 ƙungiyar gwamnonin ƙasar da ta shugabannin ilimi na jihohi suka fitar da mizanai na bai ɗaya a lissafi da Turanci, waɗanda ake kira Common Core, jihohi fiye da 40 suka karɓa. Wasu kamar Teksas da Bajiniya suka ƙi, suka ci gaba da nasu. Wasu kuma kamar Indiyana da Oklahoma sun karɓa, amma a 2014 suka janye. A Niyok, ɗalibin da ya gama darasin kan zauna jarrabawar jiha ta jometri da ake kira Regents.

A Common Core an kasa jometrin sakandare gida shida. Akwai siffofi tagwaye, wato masu kama ɗaya da girma ɗaya. Akwai siffofi masu kama ɗaya amma girma daban, tare da alwatika mai kusurwar digiri 90 da tirigonometri. Akwai da'ira. Akwai bayyana siffofi da aljebra a kan layin x da y. Akwai awon fili da girman ciki. Na ƙarshe shi ne amfani da jometri wajen warware matsalolin rayuwa, kamar lissafa yawan kayan da za a buƙata a wani gini.

Abin lura shi ne yadda ake rubuta kowane mizani. Ba a cewa “alwatika” kawai a wuce. Sai a ce ɗalibi ya iya kafa hujjar cewa kusurwoyin cikin alwatika sun haɗa digiri 180, ko ya iya nuna cewa alwatika mai gefe biyu daidai, kusurwoyinta biyu na ƙasa daidai suke. Ke nan kowane mizani aiki ne da za a iya sa mutum ya yi a gani, ko ya iya ko bai iya ba. Mizanan ba su faɗa wa malami ranar da zai koyar da abu, ko littafin da zai yi amfani da shi. Wannan aikinsa ne, shi da abokan aikinsa, kuma galibi a lokacin dogon hutu suke zama su yi shi.

Abubuwa huɗu da malamin ke yi

Da farko yana farawa daga ƙarshe. Zai ajiye mizanan jiharsa da tsoffin takardun jarrabawa a gabansa, ya tambayi kansa: a ranar ƙarshe ta shekara, me nake so yaran nan su iya, kuma da wace tambaya zan gane sun iya? Sai ya samu amsar wannan kafin ya rubuta darasin ranar farko. Wasu masana ilimi biyu, Grant Wiggins da Jay McTighe, su ne suka yayata wannan salo a wani littafinsu na 1998. Kamar mai gini ne, sai ya ga zanen gidan a takarda kafin ya sa a haƙa tushe.

Na biyu, yana ƙirga kwanakinsa. Shekarar karatu a Amurka kusan kwana 180 ce, wato mako 36. Amma malamin da ya san aikinsa ba ya cika dukkansu da darasi. Zai cire ranakun jarrabawa, da na bita, da waɗanda ƙanƙara kan hana zuwa makaranta a jihohi masu sanyi. Abin da ya rage shi zai raba, ya ba babi mai wuya kwanaki masu yawa, mai sauƙi kaɗan.

Na uku, yana jera babobin bisa ga wanda ya dogara da wani. Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, za mu dawo kansa yanzu.

Na huɗu, yana sa wuraren dubawa a hanya. Bayan kowane babi akwai ɗan gwaji, kuma kowace tambaya an san mizanin da take aunawa. Idan rabin aji suka faɗi tambaya ta huɗu, malam ya san ainihin abin da zai sake koyarwa, ba sai ya ce “yaran nan ba su iya lissafi ba” ya bar maganar a nan.

Ba muna cewa tsarin nasu babu aibi ba ne. A can ma ana ta gardama. Wasu malamai na kukan cewa mizanan sun yi yawa, suna gudu-gudu don su gama, yara na haddace abin da ba su fahimta ba. Wasu iyaye kuma na cewa jarrabawa ta cinye karatun. Mu dai abin da zai amfane mu za mu ɗauka.

Me ya sa jeri ke da muhimmanci?

A wasu darussa za ka iya tsallake babi na uku ka karanta na bakwai ka fahimta. Jometri bai yarda da haka ba, domin kowace ƙa'ida a kan wata take zaune. Ku ɗauko takarda da fensir mu bi wata sarƙa tare, ku ga abin da muke nufi.

Ku fara da layuka biyu faralel, wato waɗanda ba sa haɗuwa, kamar ƙarafan layin dogo. Idan wani layi ya ratsa su, kusurwoyin da ke cikin siffar harafin Z daidai suke. Da wannan kaɗai ake nuna cewa kusurwoyin alwatika sun haɗa digiri 180: a zana layi ta kan ƙoƙon alwatikar, ya zama faralel da gefenta na ƙasa, sai ka ga kusurwoyin uku sun jeru a kan miƙaƙƙen layi. Daga nan, idan ka tsawaita gefe ɗaya na alwatika, kusurwar da ta fito a waje daidai take da jimlar kusurwoyi biyu na ciki da ke nesa da ita. Ku riƙe wannan. Ku kuma riƙe cewa alwatika mai gefe biyu daidai tana da kusurwa biyu daidai.

To, yanzu ku zana da'ira mai tsakiya O. Ku sa ɗigo A da B a ƙasan bakinta, da P a sama. Ku haɗa A da B zuwa O, ku kuma haɗa su zuwa P. Ku ja layi daga P ya bi ta O ya ɗan wuce, ku kira ƙarshensa Q. Alwatikar OAP gefenta biyu daidai suke, domin OA da OP duk radiyos ne. Idan kusurwarta a P ita ce x, to ta A ma x ce, don haka kusurwar waje AOQ ta zama 2x. Haka a ɗaya ɓangaren: idan kusurwar alwatikar OBP a P ita ce y, BOQ ta zama 2y. Ku haɗa: kusurwar tsakiya AOB ita ce 2x da 2y, ta bakin da'ira APB kuwa x da y. Ke nan ta tsakiya ta ninka ta baki sau biyu.

Wannan ita ce ƙa'idar da ta sa ajinmu yin tsit a wancan lokacin. Ga shi a layi bakwai ta fito, kuma ba da wani sabon abu muka yi aiki ba sai abin da aka koya tun a JSS. Daga gare ta sauran suke fitowa kamar ’ya’ya. Idan AOB diyamita ce, kusurwar tsakiya 180 ce, ta baki ta zama 90. Idan siffa mai gefe huɗu tana cikin da'ira, duk kusurwoyinta na kan baki, masu fuskantar juna sun haɗa 180, domin kusurwoyinsu na tsakiya sun zagaye O sun ba da 360. Wanda ya gane sarƙar, abu ɗaya zai riƙe. Wanda bai gane ba sai ya haddace abu biyar, kuma ranar jarrabawa su cakuɗe masa.

Akwai sarƙa ta biyu. Siffofi masu kama ɗaya girma daban su ne uwar tirigonometri. Ku kafa sanda mai tsawon mita 1 da hantsi, ku auna inuwarta, a ce ta kai mita 1.5. A daidai lokacin ku auna inuwar bishiyar darbejiyar makarantarku, a ce mita 12. Tunda rana ɗaya ce ke haska su ta kusurwa ɗaya, alwatikun biyu kamarsu ɗaya, tsawon bishiyar 12 ne a raba da 1.5, wato mita 8. Wannan rabon tsawo da inuwa shi ne abin da ake kira tan. Wanda ya yi wannan awo da hannunsa, sayin da kosayin ba za su zo masa kamar baƙin aljanu ba. Haka ƙa'idar Fitagoras, wadda magina da yawa ke aiki da ita idan suka auna 3 da 4 da 5 da igiya don kwanar ɗaki ta miƙe, ita ce dai ke ba da nisan ɗigo biyu a kan layin x da y.

Wannan jeri ba yau aka fara shi ba. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masani mai suna Yuklid a birnin Iskandariya ta Masar ya tattara jometrin zamaninsa a littafi mai juzu'i 13. A juzu'i na farko akwai mas'aloli 48. Ta alwatika mai gefe biyu daidai ita ce ta 5, ta digiri 180 ta zo a ta 32, ta Fitagoras sai a ta 47. Ƙa'idar da'irar da muka yi yanzu kuwa sai a juzu'i na uku, mas'ala ta 20. Bai kawo ko ɗaya ba sai da ya shimfiɗa abin da za ta zauna a kai. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashid, masana Musulmi suka yi ta sharhinsa, kuma har yau a kan wannan jeri nasa littattafan makaranta da yawa suke tafiya.

Mu dawo gida

Namu tsarin daban ne. A Najeriya hukumar NERDC ce ke rubuta manhajar ƙasa baki ɗaya, kuma jometri ba shi da shekararsa shi kaɗai. An yayyanka shi an watsa cikin lissafin JSS1 har zuwa SS3, wannan zango kaɗan, wancan kaɗan. Amfanin haka shi ne ana ta komawa kansa kowace shekara. Illarsa kuwa, idan aka yi yajin aiki, ko malami ya tafi, ko ka yi jinya, ko aka canza maka makaranta, sai zobe ɗaya ya ɓalle daga sarƙar ba tare da kowa ya lura ba, sai bayan shekara biyu abin ya fito fili.

Amma mu ma muna da namu mizanan. WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda ta zo a 1999, kowace tana da manhajar jarrabawarta, JAMB ma haka. A lissafin WAEC takarda biyu ce. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu tambayoyi 13 cikin awa biyu da rabi, a amsa 10: biyar na farko dole ne, sauran biyar a zaɓa daga takwas. Ku lura da kalmar “dole”. Wanda ya ce zai kauce wa jometri, to ya sani a kashin farko babu wurin kaucewa, kuma duk wanda ya duba tsoffin takardu zai ga da wuya shekara ta wuce ba a kawo da'ira ko awo ko tirigonometri ba. ’Yan'uwanmu na Ghana ma WAEC ce ke yi musu jarrabawa, na Nijar kuwa da ke shirin BEPC ko Bak su ma suna da tasu manhajar, dabarar dai ɗaya ce.

To, tunda babu mai zama ya tsara maka shekarar jometri kai kaɗai, sai ka zama malamin kanka. Ga yadda za a yi.

Ku nemo manhajar. Ana sayar da ita a shagunan littattafai, tana kuma samuwa a intanet. Idan ba hali, mutum biyar su haɗa kuɗi a buga ɓangaren lissafi kawai, shafuka kaɗan ne. Ku kuma je wurin malaminku cikin ladabi, bayan an tashi, ku ce, “Malam, don Allah muna son ganin tsarin aikin wannan zango, mu riƙa karantawa kafin ka zo.” Ba mu taɓa ganin malamin da ya ji haushin irin wannan roƙo ba.

Ku mayar da kowane kan magana ya zama aiki. Ku ware littafin rubutu ɗaya. Maimakon “da'ira”, ku rubuta: “Zan iya nemo kusurwar baki idan an ba ni ta tsakiya.” “Zan iya nuna dalilin da ya sa take rabi.” “Zan iya amfani da cewa tanjent da radiyos suna haɗuwa a digiri 90.” Maimakon “zane”, ku rubuta: “Zan iya raba layi biyu daidai da rula da kampas.” “Zan iya zana digiri 60 da 30 da 45 ba tare da ma'aunin kusurwa ba.”

Ku yi wa kowane layi alama. Alama uku ta isa: na iya, rabi-rabi, ban iya ba. A nan fa sai an faɗa wa kai gaskiya. “Na iya” na nufin ka rufe littafi ka warware tsoffin tambayoyi uku a kan abin, ka ci dukkansu. Kallon malam yana yi a allo kana gyaɗa kai, wannan rabi-rabi ne. Gara ka tona asirin kanka a ɗakinka, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku ƙirga makonninku. Daga Satumba zuwa lokacin da WAEC ke farawa, wajen Afrilu da Mayu, idan aka cire hutu da jarrabawar zango da hidimar Sallah ko Kirsimeti, mutum zai iya samun mako 24 masu kyau. Zama uku a mako, kowane minti 40, ya ba da zama 72, wato awa 48. Kwana biyu ke nan cif idan aka haɗa, amma da yake a rarrabe suke, sun fi kwana biyun da za ka yi kana karatun dare da shayi ana gobe jarrabawa.

Ga rabon da muke ba da shawara. Kusurwoyi da layuka faralel, mako 2. Alwatika da siffofi masu gefe da yawa, mako 3. Siffofi tagwaye da masu kama ɗaya, da ƙa'idar Fitagoras, mako 3. Da'ira, mako 4. Zane da rula da kampas, da lokas, mako 2. Awon kewaye da fili da girman ciki, kamar na silinda da dala da ƙwallo, tare da nisan wurare a doron duniya, mako 3. Tirigonometri, da kusurwar ɗaga kai da ta duba ƙasa, da awon alƙibla daga arewa, mako 3. Jometrin x da y, mako 2. Bita, mako 2. Ba wahayi ba ne, kowa ya gyara daidai da alamominsa. Wanda ya ga kusurwoyi duk “na iya” ne, ya rage musu mako ya ƙara wa inda yake da rauni. Abu ɗaya ne muke roƙo kada a taɓa: kada a sa da'ira kafin alwatika, kada a sa tirigonometri kafin siffofi masu kama ɗaya.

Ku sa ranar gwaji. A zaman ƙarshe na kowane babi, ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya zaɓo wa ɗan'uwansa tambayoyi biyar daga tsoffin takardu, a sa agogo, a yi shiru. Bayan nan a yi musayar takardu a duba. Duk tambayar da ka faɗi, kada ka tsaya a kan amsar da ke bayan littafi. Bi sarƙar a baya har ka gano zoben da ya ɓalle. Sau da yawa wanda ya kasa tambayar da'ira, matsalarsa na can a alwatikar JSS2. Komawa baya irin wannan ba abin kunya ba ne, mu ma a SS3 muka ari littafin ƙanenmu.

Mun san ba kowa ke da irin lokacin kowa ba. Akwai ’yan'uwanmu mata da aikin gida ke jira da sun dawo, akwai masu zuwa gona ko kasuwa ko wurin koyon sana'a, ga Islamiyya da yamma, ga rashin wuta da dare. Shi ya sa muka ce minti 40, ba awa uku ba. Bayan sallar Asuba kafin gari ya waye sosai, ko lokacin da malami bai shigo aji ba, irin lokacin da mu muka ɓata a hira. Idan mako ya kuɓuce maka, kada ka yar da tsarin, matsa komai gaba da mako ɗaya ka ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma mallaki kayan aikinku tun yanzu: rula, kampas, ma'aunin kusurwa da fensir mai tsini. Kampas ɗin da aka ara ana gobe jarrabawa yakan zo da sako-sakon wuya, da'ira ta fito kamar ƙwai. A tambayar zane kuma kada ku goge ’yan bakan da kampas ya bari, su ne shaidar yadda kuka yi aikin, kuma mai dubawa na neman su.

Ga ƙannenmu na JSS da SS1, kada ku ce wannan maganar ta ’yan SS3 ce. Ku ne ma kuka fi kowa sa'a, domin a hannunku tushen yake. Duk ƙarshen zango ku ɗauko jerinku ku duba abin da ya kamata a ce an yi da abin da aka yi. Idan kun ga giɓi, ku sanar da malam ko shugaban aji tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin gida

Ga tambayoyi uku, kowace daga zobe daban na sarƙar. Ku gwada su littafi a rufe, ku yi wa kanku alama.

Ta ɗaya: siffa mai gefe shida, nawa ne jimlar kusurwoyinta na ciki? Kada ku yi amfani da haddar ƙa'ida, ku yanka ta zuwa alwatiku daga kusurwa ɗaya ku ƙirga.

Ta biyu: an jingina tsani mai tsawon mita 6.5 a jikin bango, ƙafarsa na nesa da bangon da mita 2.5. A wane tsawo kansa ya taɓa bangon?

Ta uku: A da B suna bakin da'ira mai tsakiya O, kusurwar AOB digiri 110 ce. P na kan babban bakan da'irar, R na kan ƙaramin. Nemo kusurwar APB da ta ARB, ku kuma faɗi dalilin kowace.

Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga sunayen waɗanda suka ci duka ukun. A mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu kawo amsoshin, sannan mu ɗauki babin zane da rula da kampas mataki-mataki. Kafin nan, kowa ya nemo manhajarsa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba da sa'ar jarrabawa.